Garwashin Mai Masa

Akwai wani ɗalibi a makarantar horar da firistoci, sunansa Filibus. Ko kuwa Fidelis ne? Shekaru sun ja, bari mu bar shi a Filibus. Da Idin Kristi Sarki ya matso, ranar da ake fita da Jikin Ubangiji a zaga gari da waƙa da ganguna, sai aka zaɓe shi ya riƙe kaskon turare. Aikinsa ɗaya ne: ya tsare wuta da rai har a kai bagadin da aka shirya a fili, inda Fada, wato firist, zai zuba turaren lubban.

Filibus ya yi murna ƙwarai. Ya zauna da toka da lemun tsami yana goge kaskon nan, har yana ganin fuskarsa a ciki. Ya wanke farar rigarsa, ya goge ta, ya sake gogewa.

Ran idi ya sa garwashi kaɗan, don kada kaskon ya yi baƙi. Ya rufe murfin kam. Ya kuma ƙi lilo da shi yadda aka koya musu, kada toka ta taɓa rigar.

Sun kusa fili, sai Dogara, abokinsa mai riƙe da kwanon lubban, ya raɗa masa, "Malam mai tsabta, ina hayaƙinka?"

Filibus ya ɗaga murfi. Toka ce kawai, ta yi sanyi. Ga jama'a makil, ga zumuntar mata suna rera waƙa, ga Fada tafe a baya.

A bakin hanya kuwa akwai wata tsohuwa tana suyar masa. Filibus ya fita daga layi, ya durƙusa gabanta.

"Iya, ki taimake ni da wuta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Da wannan farar rigar, ɗan nan? Za ta ɓaci fa."

"Ta ɓaci, Iya."

Ta ɗebo garwashi da murfin kwano ta juye masa. Ya hura, ya yi ta lilo da kaskon, toka ta bi gaban rigarsa, tartsatsi ya huda hannun rigar. Ya iso bagadi yana haki.

Tsohon Fada ya zuba lubban, hayaƙi ya tashi fari, ya lulluɓe bagadin. Sai ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ɗana, wutar nan daga ina?"

"Ta mai masa ce, Fada."

"Shi ya sa nake jin yunwa."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kaskon nan zuciyarka ce, garwashin kuwa ƙaunar Allah. Da yawa cikinmu muna goge waje, muna rufe murfi, muna tsoron kada hidimar mutane ta ɓata mana riga. Wutar da aka rufe kuwa mutuwa take yi. In taka ta mutu, kada ka ci gaba da tafiya da kasko mai sanyi don kunya. Fita daga layi, ka durƙusa, ka roƙa. Allah yakan ajiye garwashi a murhun da ba ka zata ba.

Filibus bai taɓa ɗinke hudar nan ba. Da ita a hannun rigarsa ya zo ranar da aka naɗa shi firist.