Sunan da Inna Asta Ba Ta Kamawa

Ranar Talata ce. Hadari ya haɗo ta gabas tun hantsi, amma ruwa bai sauko ba.

Akwai wani matashin ɗan sanda mai suna Mudassir. Mahaifinsa mutumin Gammo ne, amma shi a Legas aka haife shi, a bariki ya tashi. Da ya shiga aiki, a tashar jiragen ruwa aka ajiye shi yana tsaron ƙofa. A tsayar da mota, a tambayi suna, a duba kaya. Duk wanda ya yi inda-inda wajen faɗar suna, a riƙe shi. Da wannan ya saba.

Bana aka yi masa canji zuwa wani ɗan ofishi a bakin tashar mota a ƙasar Kabo. Yaron kirki ne. Ba ya makara, ba ya karɓar na goro. Gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. 'Yan kamasho suka raɗa masa Ɗan Ikko, wato ɗan Legas.

An haɗa shi da Sajan Baƙo, dattijon da ya kusa ajiye aiki, don ya nuna masa hanya. Sajan ba ya koyarwa da baki. Benci yake zama a bayan kanta, ya bar yaron da jama'a, ya zuba ido.

A ranar nan Sajan ya fita raba rigimar direbobi, sai ga wata tsohuwa ta shigo da ɗan buhu a ka. Inna Asta ce daga Dugabau.

"Salamu alaikum. Ɗan nan, ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutan..."

"Lafiya lau, Inna. Me ya faru?"

Ta sauke buhun. Ta ce sunanta Asta, daga Dugabau take, ita da maigidanta za su Gwarzo, 'yarsu Kamila ta haihu. Tsufa ya taɓa masa tunani, wani lokacin ba ya gane inda yake. Ta zaunar da shi a benci ta je sayo masa ƙosai, ta dawo ba ta same shi ba.

"Sunansa?" in ji Mudassir.

"Malam."

"Malam wa? Inna, duk mai hula a tashar nan Malam ne."

"Baban Kamila."

"Ni ban san Kamila ba. Sunansa na yanka nake tambaya, don a yi cigiya."

Inna Asta ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe kuke tare?"

"Tun ƙuruciya."

"Kuma ba ki san sunansa ba?"

"Na sani mana."

"To faɗa."

Shiru. Mudassir ya ji ransa ya fara ɓaci. A inda ya fito, irin wannan shirun ma'anarsa ɗaya ce, akwai abin da ake ɓoyewa. Ya sake tambaya, ya ɗaga murya, ya buga kanta. Tsohuwa dai ba ta ɗago ba.

"To Inna, in babu suna babu abin da zan iya. Ki je ki yi tunani, in kin shirya ki dawo."

Ta ɗauki buhunta ta fita. Ya hango ta tana bi mota-mota tana leƙawa, tana goge ido da gefen mayafi. Zuciyarsa ta ɗan sosu, amma ya ce a ransa ai ita ta ƙi ba da haɗin kai.

An jima Sajan Baƙo ya dawo. Shi ma ya ga tsohuwar a hanya.

"Waccan fa?"

Mudassir ya ba shi labari. Sajan ya leƙa waje ya dubi sama, sannan ya dubi yaron.

"Je ka dawo da ita. Ka riƙo mata buhun."

Da suka dawo, Sajan ya ba ta bencinsa, shi ya tsuguna. Ya gaishe ta. Ya tambayi mutanen Dugabau, ya tambayi damina, ya yi barka da ƙaruwa. Mudassir yana tsaye kamar zai fashe. Mutum ya ɓata, ga hadari, ana ta gaisuwa!

"Inna, wannan kayan barka ne?" in ji Sajan, yana nuna buhun.

"Kaɗa ce, ta bara. Zan yi wa jaririn 'yar katifa."

Sajan ya juya ga Mudassir. "Kai da ka ɗauko, mene ne a ciki?"

Mudassir ya leƙa. "Auduga ce, Yallaɓai."

Inna Asta ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sajan ya miƙe, ya ja yaron bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Irin su Inna ba sa kama sunan miji. Kunya ce, girmamawa ce. Ko kalmar da ta ɗauko sunan, kauce mata suke yi. Ta ce kaɗa. Kai ka ce me?"

"Audu...ga." Mudassir ya tsaya. "Audu."

"Je ka yi cigiya."

Babu lasifika a ofishin. Mudassir ya ruga wurin mai maganin gargajiya da ke tallar maganin basir da lasifika a bakin tasha.

"Ɗan Ikko, kai ma ya kama ka ne?" in ji mai maganin. "Zaman kanta ke kawo shi."

"Ba ni abin maganar nan, don Allah!"

Ya karɓa ya yi shela: ana cigiyar wani dattijo, Malam Audu na Dugabau, baban Kamila. Bai rufe baki ba wani ɗan kamasho ya taso.

"Audu Dugabau? Ai ni na sa shi a mota! Tsoho mai farar riga. Sai cewa yake, 'Ni ne Audu na Dugabau, Funtuwa za ni kai auduga.' Na ce Baba shiga ta Gwarzo, can za ka sami ta Funtuwa. Ba ta daɗe da tashi ba."

"Yaushe?"

"Lokacin da tsohuwar nan ta fito daga ofishinku, ai motar tana lodi a can ƙarshen layi."

Mudassir ya waiga ƙarshen layin. Ashe sa'ad da yake buga kanta, tsohon yana zaune cikin tashar. In ya sauka a Gwarzo ya hau ta Funtuwa, wa ya san inda za a tsince shi?

Ya koma ya faɗa wa Sajan. Ya jira faɗa. Sajan bai yi ba. Waya ya ciro ya kira shugaban 'yan kamashon Gwarzo, sannan ya miƙa wa Mudassir makullin babur.

"Kai za ka ɗauko shi."

Bai yi nisa ba ruwa ya tsinke. Haka ya bi titi yana share fuska da hannu ɗaya, yana addu'a. Ya isa Gwarzo jiƙe sharkaf.

An tare tsohon, ƙafarsa ɗaya a cikin motar Funtuwa aka sauko da shi. Yana zaune a rumfar mai shayi, ya rungume sandarsa, mutane sun kewaye shi. Da ya ga kaki sai ya ƙanƙame ginshiƙin rumfar.

"Ban yi komai ba! Na biya haraji!"

"Ɗauke shi kawai, ofisa," in ji wani. "Mu riƙe maka ƙafafun."

Da a tashar jiragen ruwa ne, da an gama. Mudassir ya matsa, har ya miƙa hannu, sai ya fasa. Ya cire hularsa ya tsuguna a cikin taɓo.

"Baba, ina wuni?"

Tsoho ya dube shi a tsorace. "Lafiya."

"Ina gajiya? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Yaya gona? An ce audugarka babu irinta a Dugabau."

Hannun tsohon ya ɗan saki ginshiƙi. Ya shiga ba da labarin wata shekara da ya cika amalanke, har da sunayen shanun. Mudassir bai katse shi ba. Mai shayi ya miƙo kofi biyu. Ruwa ya fara tsagaitawa.

Can tsohon ya waiga dama da hagu.

"Ina wannan take? Tare muka fito. Ta ce in jira ta."

"Wa kenan, Baba?" wani ya tambaya. "Faɗi sunanta."

Tsoho ya kawar da kai.

Mudassir ya ɗaga wa mutumin hannu. Sunan yana bakinsa, amma ya haɗiye shi.

"Baba, uwar Kamila tana can tana jiran ka. Ƙosanka ma yana hucewa."

Malam Audu ya dafa sanda ya miƙe da kansa.

"To me muke jira? Ba ta son a bar ta ita kaɗai a tasha."

A mota aka mayar da shi, Mudassir yana biye a babur. Da Inna Asta ta gan shi ba ta yi kuka ba, ba ta ruga ba. Ta kakkaɓe masa riga, ta gyara masa hula, ta ce, "Malam, ka sha ruwa." Tafiyar Gwarzo dai aka ɗage ta, wani direba ɗan garinsu ya kai su gida.

Da yamma Mudassir ya tsaya gaban Sajan.

"Yallaɓai, da ya tafi fa? Da laifina ne."

"Da naka ne," in ji Sajan. Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. "Amma kai ka dawo da shi. Je ka canja kaya."

Washegari da sassafe, kafin ya shiga ofis, Mudassir ya ari babur ya tafi Dugabau. Ya tambayi gidan baban Kamila, aka nuna masa. Ya yi sallama, ya tsuguna a zaure, ya gaida Inna Asta gaisuwa cikakkiya, ya bar ta ta kai ƙarshen tata. Sannan ya ce ta yafe masa.

Darasi: Ba duk mai shiru ne mai laifi ba, wani kunya ce ta riƙe masa baki. In an ɗora ka kan hidimar jama'a, ka san su kafin ka yanke musu hukunci, gaggawarka tana iya raba wani da nasa. Kai kuma babba, in na ƙasa da kai ya yi kuskure, ka ba shi dama ya gyara da hannunsa. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana zama a bayan kanta.