Ƙofa Uku a Gaban Tasalla

To, ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Amma wannan ba ta dariya ba ce, shari'a ce zan ajiye muku, in ya so ku yi ta gardama har bakinku ya gaji.

A garin Kafin Marke an yi wata mata, Tasalla mai daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da kalwa da tukunya ta raini 'ya'yanta har kowa ya kama gidansa. Mace ce mai kunya ta ƙin ƙarawa, ga kafiya, in ta ce a'a, to sai dai a yi haƙuri. Wata rana tana wanka ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwallon goruba ƙarami. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ta ce abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne. Amma can ƙasan zuciyarta tsoro ya cika ta, don ta sha jin ana cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da wuƙar asibiti ta taɓa shi sai ya fantsama. Sai ta sayi wani gari a wurin masu magani ranar kasuwa, tana kwaɓawa tana shafawa, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ta farko a cikin mutanenmu uku ita ce Barira mai kitso, ƙawarta tun suna 'yan mata masu talla. Ranar wani kitso ana zafi, Tasalla ta sunkuya, ɗaurin ƙirjinta ya zame. Barira ta ga fatar wurin ta yi ɗigo-ɗigo, kan nonon ya shige ciki. Ta tambaya, Tasalla ta yi maza ta gyara zani, ta kama hannunta ta ce amana ce tsakaninsu da Allah, ko gawarta aka zo wankewa kada ta nuna ta taɓa sani. Barira ta yi alkawari. Ta ɗauki maganar nan tana yawo da ita damina guda, tuwo ba ya mata daɗi, duk kitson da ta zo yi sai ta ga abin ya ƙaru. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Ranar da ta ga ba sarki sai Allah, ta yafa mayafinta ta nufi gonar babban ɗan Tasalla. Ku duba fa, dattijuwa ta tsaya gaban namiji tana faɗa masa abin da ke ƙirjin uwarsa. Da labari ya koma wa Tasalla, ta aika mata cewa ko a hanya suka haɗu kada ta gaishe ta, kitsonta kuma ta kai shi wani gida.

Na biyu shi ne ɗan nan, Ilu. Ɗan fari ne, kun kuwa san yadda ake. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan yaron". Ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, gaisuwa ma daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi ta, ta amsa tana kallon bango. Wannan Ilun ne ya ɗaga labule ya shiga har tsakar ɗakinta, ya buɗe baki ya ambaci abin da sunansa, ya ce ta shirya su tafi asibitin birni. Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta juye ta zama fushi, ta miƙe, ta kai hannu ga zaninta, ta ce in ya ƙara kalma ɗaya za ta ɗaga masa nonon da ya sha. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san bayan wannan ba sauran albarka. Ilu ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ya ce:

"Ɗaga, Inna. Gara ki tsine mini kina raye da ki sa mini albarka kina kwance ana jiran likkafani."

Hannunta ya sauka, ba ta ɗaga ba. Amma ta ce kada ƙafarsa ta sake taka ɗakinta. Ya bi umarni, bai sake shiga ba, sai dai kullum bayan asuba yana zaurenta a zaune, gona na can ciyawa na cinye ta. Mutanen gari kuwa suka sa shi a baki, wai yaron da ya rasa kunyar uwarsa.

Hayaniyar ranar nan ta tsallaka katanga, zancen duniya kuwa ba ya ɓuya. A nan ta uku ta shigo, Lantana, ita ma mai daddawa. Ita da Tasalla ba sa ga-maciji, rumfarsu na kallon juna a kasuwa, kowacce na cewa ta ɗayar ba ta nuna ba. Da Tasalla ta ga Lantana ta yi sallama, ga mata cike da tsakar gida 'yan dubiya, sai ta ce mata in kallo ta zo yi ta kalla ta ƙoshi, kasuwa ta zama tata ita kaɗai. Lantana ta ajiye mayafi, ta zare wani dunƙulen tsumma daga cikin rigarta ta yar, ta ɗage rigar a gaban kowa. Gefe guda na ƙirjinta a shafe yake, sai dogon tabo da ya daɗe da warkewa.

"Shekarar da aka ce na tafi jinyar gyambon ciki, wannan na je yi," in ji ta. "Ƙarfe ya taɓa ni, ga ni tsaye, ina kuma kashe miki kasuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Tasalla. Tashi ki tafi."

Gani ya kori ji. Abin da roƙon ƙawa da kukan ɗa suka kasa, tabon abokiyar gaba ya yi shi. Amma Lantana ta biya da tsada. Kafin kasuwa ta zagayo, masu saye sun daina tsayawa rumfarta, wai kada su ɗauka a miya, alhali ba cutar da ake ɗauka ba ce. Dangin yaron da ke neman autarta ma suka fara ja da baya, wai abin na bin jini.

Ilu ya kai uwarsa birni, yana gaban mota tana baya. Wata likita ta duba ta, ta ɗebi ɗan nama aka gwada. Ta gaya mata cewa ƙullutu da yawa ba daji ba ne, wani ruwa ne kawai, wani tsiro ne marar illa, amma ba mai rabewa da ido ko da hannu sai an gwada. Nata dai shi ne, kuma saura ƙiris ya wuce inda za a iya tare shi. Aka yi aiki, aka bi da ƙarin ruwa mai wahala, gashin da Barira ta saba kitsawa ya zube tas. Duk tsawon jinyar Ilu na ƙarƙashin bishiya a harabar asibiti, in tana son abu sai ta gaya wa matarsa, matar ta fita ta gaya masa. Da Allah ya nufa da sauran shan ruwanta, ta dawo gida a raye.

Tana kwance tana murmurewa, tunani ya dame ta fiye da ciwon. Ta ga cewa da Barira ta riƙe amana, da amanar ta raka ta kabari. Da Ilu ya ji tsoron bakinta ya koma gonarsa, da magana ta mutu a nan, ba mai ji, ba mai kai ta. Da Lantana ta rufa wa kanta asiri, da ko ɗaure ta aka yi ba za ta yarda wuƙa ta taɓa ta ba. Su ukun kuma kowanne ta saka masa da mugunyar kalma, har yau ba ta janye ko ɗaya ba. Nadama ta kama ta, ta yi kuka ita kaɗai.

Ranar da ƙafarta ta fara ɗaukarta, ta ɗaura ɗankwali, ta dogara sanda ta fito ƙofar gida da hantsi, da niyyar neman gafara. Ƙarfinta na gida ɗaya ne ranar nan, ba zai kai ta biyu ba, kuma gari duka na kallo, ƙofar da ta fara shiga ita kowa zai ce ta fi girma a wurinta. Gidan Barira na dama, na Lantana na hagu, na ɗan da ba ta taɓa kiran sunansa ba yana gabanta.

To, ku da kuka iya yanke hukunci daga zaune, ga ta nan tsaye da sanda a hannunta. Tsakanin wadda ta sayar da amana, da wanda ya miƙa wuyansa ga tsinuwa, da wadda ta tona asirin kanta, ƙofar wa ya kamata Tasalla ta fara yi wa sallama?