Ranar da Gwamna Perlita Ta Haye Kogin Tubod

Akwai wata mata a lardinmu mai suna Perlita Dumalagan, 'yar mai sayar da busasshen kifi. Ta fara da kansila, ta yi magajiyar gari sau biyu, sannan ta zama gwamna. Ba zan ci haƙƙinta ba, ta iya aiki. Aibinta ɗaya ne: duk abin da gwamnati ta gina, ba a buɗe shi sai ta zo ta yanke ƙyalle an ɗauke ta hoto.

A ƙauyen Tubod makaranta tana wannan gefen kogi, coci da yawancin gidaje suna tsallake. Guguwa ta tafi da tsohuwar gada, aka gina sabuwa, aka gama ta ranar huɗu ga Mayu. Sai aka ɗaure ƙofarta da sarƙa da kwaɗo, wai allon marmara mai sunan gwamna bai iso ba.

Damina ta shigo, aka koma makaranta. Yara sittin da uku suna haye kogin safe da yamma a kan gorori da aka ɗaure, littattafansu a leda a ka, wani tsoho Mang Doroy yana tuƙa su da sanda. Gada kuwa tana gefe a kulle.

Malama Eufrosina Tabanao, wadda ake kira Malama Sina, ta yi ritaya bayan shekara talatin da shida tana koyarwa, kuma ita ta koya wa Perlita karatu a aji uku. Wasiƙa bakwai ta rubuta wa ofishin gwamna. Amsa ɗaya ta samu: an hana kowa haye gadar kafin bikin buɗewa. Da sa hannun gwamna.

Ranar ashirin da huɗu ga Yuni ake bikin San Juan, ranar da ake watsa wa juna ruwa. Gwamna ta zo cikin doguwar riga mai ado, mataimakinta Renato yana riƙe da mabuɗi, don a buɗe mata ta wuce coci a sake kullewa.

Suka tarar da Malama Sina zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofar.

Gwamna ta sunkuya za ta kama hannunta ta ɗora a goshi, kamar yadda ake gaida manya a wurinmu. Tsohuwar ta janye hannun ta ajiye a cinya.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau, Perlita. Karanta min wannan amsa da kika aiko min. Da ƙarfi, kamar yadda na koya miki."

Renato ya ce, "Haba Lola," wato kaka, "ai wannan dokar ba ta shafi Gob ba." Haka suke kiran gwamna.

"Kai, ban tambaye ka ba. Takarda ta ce kowa. Ko an canza ma'anar kowa ne bayan na bar aiki?"

Gwamna ta dubi takardar, ta dubi jama'a. Ta ce, "Yara ta ina suke bi?"

Mang Doroy ya ɗaga sandarsa daga ƙasa. "Ta nan, Gob! Sauko. Yau dai San Juan ne, ko kin ƙi ko kin so sai kin jiƙe."

Aka yi dariya. Ta cire takalmanta ta sauka.

Kogin ya cika saboda ruwan kwana biyu. Da suka kai tsakiya sai gororin suka karkata, ruwa ya kai mata gwiwa, ta durƙusa ta riƙe ƙafar tsohon da hannu biyu.

"Haka yake kullum, Mang Doroy?"

"Yau ma da sauƙi. Ke kaɗai ce. Su goma-goma nake ɗauka, kuma ƙananan ba su kai ƙugunki ba."

Suka isa tsallake. Ta hau tudu riga na ɗiga, ta juyo ta ɗaga murya: "Renato! Buɗe! Ka cire sarƙar gaba ɗaya!"

Malama Sina ta tashi a hankali, ta naɗe takardarta, ta bi ta gadar da sandarta, yara a bayanta. Da ta isa ƙarshe sai ta miƙa hannun. Gwamna ta ɗora shi a goshinta, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Kin makara kwana hamsin da ɗaya," in ji tsohuwar. "Amma kin zo. Je ki canza riga, taliyar pansit za ta huce."

Daga ranar Perlita ta soke dokar jiran ƙyalle, kuma a zaɓen da ya biyo Tubod ta ba ta ƙuri'unta kusan duka.

Sai dai ban gama ba. Yara tara ruwa ya lalata wa littattafai a waɗannan kwanaki, har yau ba a maye musu ba. Sunayensu suna hannuna. Kuma tun da Perlita ta sauka daga mulki, sarƙa ta dawo: asibitin haihuwa na garin Lawis an gama shi tun Fabrairu, yana kulle yana jiran sabon gwamna. A buɗe shi wannan makon, a kuma kai wa yaran littattafansu.

Darasi: Abin da aka gina don jama'a nasu ne tun ranar da aka gama shi, ba ranar da mai mulki ya samu lokacin ɗaukar hoto ba. Shugaba na gari yana bin hanyar da ya bar talaka a kai, in ya ga kuskurensa ya gyara nan take. Ku tura wannan ga kowa, har ya isa hannun wanda ke riƙe da mabuɗin Lawis.