Ranar da Egidio Ya Ba Gari Dariya da Ɗansa

Akwai wani dattijo mai suna Egidio a wani ƙaramin gari na kudancin Italiya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Allah ya ba shi iya ba'a, sai dai bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba.

Duk Lahadi da la'asar ana nuna fim a zauren coci, in an gama sai Fada Anselmo ya zagaya da makirufo kowa ya faɗi ra'ayinsa. Gaskiya Egidio ba fim ke kai shi ba, makirufon ke kai shi.

Ɗansa guda ne, Saverio, wanda ya karanta tarihi a jami'a. Ranar da ya gama, Egidio ya ciyar da rabin gari. Shekaru suka yi ta tafiya, aiki shiru. Saverio ya sha zuwa Roma jarrabawar ɗaukar ma'aikata, yana dawowa hannu rabbana. Mutane suna ce masa "dottore" kamar kowane mai digiri, amma yanzu da ɗan murmushi a gefen baki.

Wata Lahadi mahaifiyarsa Nunziata ta matsa masa ya bi ubansa ko ya sha iska. Baiwar Allah ba ta san abin da za a nuna ba. Fim ne na barkwanci a kan wasu samari masu digiri da ba su san inda suka dosa ba, suna barci har rana tsaka, iyayensu mata na wanke musu kaya. Zaure ya yi ta kwasar dariya.

Da aka kunna fitilu, mai kantin magani ya ce yaran yanzu ba sa son wahala. Wata malamar makaranta ta ce ita abin bai ba ta dariya ba, domin yawancin ɗalibanta sun bar ƙasar. Sai makirufo ya iso hannun Egidio.

"Da sun tambaye ni, ai da ba su sha wahalar neman 'yan wasa ba," in ji shi. "Ga nawa nan zaune. Dottore ne a fannin kujerar falo. Jarrabawar cin taliya kaɗai ce bai taɓa faɗuwa ba."

Dariya ta ɓarke, wasu har da juyowa su kalli yaron. Egidio ya ji kansa ya yi girma.

Saverio ya miƙa hannu, Fada ya karɓi makirufon ya ba shi. Muryarsa can ƙasa.

"Fim ɗin ya yi kyau, abu ɗaya ya manta. Ba barci muke yi ba. Ni tun asuba idona biyu, Baba. Ina kwance ina jin motsinka a kicin, ina jira ka fita kafin in fito, don kada ka kalle ni."

Maganar ta soki Egidio har cikin ƙirji, kuma ya san nan ne ya kamata ya kama bakinsa. Amma idon gari na kansa, shi kuma bai saba a kayar da shi a wannan zaure ba.

"To kun ji," ya ce. "Har kwanciyar ma laifina ce."

Mutum biyu ko uku ne suka yi dariya. Saverio ya ajiye makirufon a kan kujera, ya fita.

Bai daɗe ba ya tafi Jamus, wurin wani abokinsa mai aiki a gidan abinci. Uwarsa ya yi wa sallama, ita kaɗai yake kira. Egidio ya yi ta cewa a bar shi, sanyi zai koro shi gida. A ransa kuwa kewa ke cinsa.

Da lokacin girbin zaitun ya zo, wata rana Saverio ya kira, Egidio ya karɓi wayar daga hannun Nunziata. Kalmar haƙuri ta ƙi fitowa, sai ya ce zaitun ɗin gonarsu sun nuna, shi kaɗai ba zai iya ba. Saverio ya ce masa ya nemi ma'aikata.

"Saverio, ɗana, wasa nake yi ranar."

"Na sani, Baba, na yafe maka tuni. Amma duk wanda zan gaisa da shi a garin nan yana cikin zauren, kuma na ga haƙoransa. Ba zan iya ba."

Bai zo Kirsimeti ba, bai zo Ista ba. Yau Egidio yana da ɗa mai aiki, kamar yadda ya daɗe yana so, sai dai a waya yake ganinsa, yana leƙe ta bayan kafaɗar matarsa.

Darasi: Kada ka ba mutane dariya da ciwon naka. Su za su manta kafin su isa gida, shi kuwa zai iya yafe maka amma ya kasa dawowa. Matashin da ke zaune babu aiki ya fi kowa jin zafin zaman. Ku tura wa iyaye wannan labari, wataƙila wani ya kama bakinsa tun da sauran lokaci.