Ƙwaryar da Ta Iso Wayam

Ku rufe min baki, marasa kunya! Yaran yanzu, abu kaɗan sai gaba, ba mai tambayar ɗan'uwansa me ya faru. Ku gyara zama. Ga ta nan tafe gare ku.

"Ta iso, Kaka, mu ji ta."

Barewa da Zabuwa ƙawaye ne. In ɗaya ta girka, sai ƙwarya ta je gidan ɗaya, kuma ƙwarya ba ta dawowa wayam. Da damina ta kankama, kogi ya cika ya raba su. Sai suka riƙa aiken Hankaka. A wancan zamanin baƙi ne wuluk.

Barewa ta zuba nono, Hankaka ya shanye a hanya. Zabuwa ta zuba gero, ya cinye. Barewa ta dama fura, ya lashe har gindin ƙwarya.

Zabuwa ta ce, "Ni za ta aiko wa ƙwarya wayam?"

Barewa ta ce, "Ashe ta gaji da ni."

Aike ya tsaya. Amma kullum kowacce sai ta zo bakin kogi, ta tsura wa tsallake ido, ta koma gida da hawaye.

Tsohuwar Kififiya, kunkurun ruwa, tana cikin kogi tana kallonsu. Ta haye wurin Barewa. Barewa ta yi ta zage-zage, tsohuwa ba ta katse ta ba har ta gaji. Sannan ta ce, "'Yar nan, zagi nauyi gare shi, ba na iyo da shi. Me kike kewa?"

Barewa ta sunkuya. "Surutunta, Iya. Gidana ya yi tsit."

Kififiya ta kai wa Zabuwa wannan kaɗai. Zabuwa ta fashe da kuka. Sai tsohuwa ta goyo ta, ta tsallako da ita.

Ta ce, "Ɗaya ta yi magana, ɗaya ta saurara. Kowacce ta faɗi abin da ta zuba."

"Nono da fura."

"Gero na zuba, wallahi, har ya tumbatsa!"

Suka ɗaga kai. Ga Hankaka kan reshe, ƙirjinsa fari fat da busasshen nono.

"Ranki ya daɗe, ɗanɗanawa kawai na yi!"

Ƙawaye suka rungume juna, ba su ko kula shi ba.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta kwanta. In an ɓata muku, ku je da ƙafarku ku tambaya. Hankaka kuwa, ya wanke ƙirjinsa a kowane kogi, nonon bai fita ba. Har yau ba mai aikensa, ba mai ajiye masa ƙwarya.