Kyanwar da ta nemi ciwo da ƙafarta

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari an yi wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, ana ce mata Iya Tabawa. Tana da kyanwa ɗaya, Gyaɗa, fes da ita, gashi sai sheƙi. Wurin kwananta kan cinyar Iya ne, ba ta haɗa shi da kowa ba. Ita kuwa Iya kullum sai ta wanke mata kwano, ta taje ta don ƙuma, ta hana ta zuwa juji, shekara ta zagayo ta kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafi. Gyaɗa duk tana ganin wannan takura ce.

Ran nan sai Iya ta tsinto wata 'yar kyanwa a bakin kwata, ramammiya, ga majina, ga kwantsa. Ta sa mata suna Tsintau, ta ware mata ɗaki da kwanonta, tana ɗura mata madara da cokali, tana ɗora ta a cinya. Kai, Gyaɗa ta ji kamar ta mutu! Kishi ya hana ta ko lasar jiki.

Sai Ɓera, wanda Gyaɗa ta daɗe da hana shi kusantar kwandon kifi, ya leƙo daga rami ya ce ai shi ya gane sirrin: a gidan nan mara lafiya ake so. In tana son cinyarta ta dawo, ta nemi ciwo. Shashashar ta yarda.

Sai ta je juji ta ci ruɓaɓɓen nama. Tsutsa ta cika mata ciki. Iya ta matse mata baki ta ɗura mata magani mai ɗaci, madara ko ɗigo babu. Ɓera ya ce ciwon ne ya yi kaɗan.

Sai ta je bayan kasuwa ta yi birgima da magen titi. Ta dawo da ƙuma, tana susa har gashi na zuba. Iya ta yi mata wankan magani, cinya kuwa tana nan ta Tsintau. Ɓera ya ce saura ƙiris.

Sai ranar rigakafi ta zo, Gyaɗa ta ɓuya a saman rumbu, Iya ta yi ta kira har ta gaji. Da Gyaɗa ta ga ba kowa, ta sauko ta faɗa ɗakin Tsintau ta lashe kwanonta tas. Kwana uku sai atishawa, sai majina, idanu suka manne, abinci ya ƙi ciyuwa.

To, a lokacin Tsintau ta warke. Don kada ciwon ya koma mata, sai Iya ta rufe Gyaɗa ita kaɗai a wannan ɗaki. Ɓera da 'ya'yansa suka baje a kwandon kifi, suna ci suna mata sannu ta ƙasan ƙofa.

Iya ta shigo da cokali tana hawaye, ta ce: "Shekara uku ina tsare ki kada ki ga irin wannan rana. Wannan da na tsinto ba ta samu mai tsare ta ba ne. Ke me kika rasa?"

Gyaɗa ta ji kunya ta rufe ta.

Ta warke dai da ƙyar, amma idonta ɗaya ya tafi. Ran da aka buɗe mata ƙofa, da wanda ya rage ta hango Tsintau ta yi ɓul-ɓul, ta kori ɓeraye, tana barci a kan cinyar Iya.

Ku da kuke da mage, ku wanke kwano, ku hana ta juji, ku ware mara lafiya, ku kai rigakafi. Ku kuma yara, mai hana ku abin da zai cuce ku, shi ne mai son ku.

Ƙurunƙus, kan ɓeran nan mai baƙar shawara.