Fiffiken da Don Osvaldo Ya Rufe wa Baki

Don Osvaldo Bertola mutumin kirki ne, wannan kam babu mai musu a garinmu. Ya tsufa yana sayar da kayan gini, ba a taɓa jin ya cuci kowa ba. Amma yana da hali guda: in ya zauna a bayan sitiyari ƙafarsa ba ta jin magana, in kuma aka kama shi bakinsa ba ya faɗin gaskiya. Ni Felisa na fi kowa sanin haka, don gidan burodina yana bakin gari, kuma miƙaƙƙen titin da ya nufi duwatsu a gaban tagata ya shimfiɗe.

Motarsa tsohuwar motar tsere ce, ja, mai kujera biyu, injinta a baya. A kan murfin injin akwai wani fiffike da yake kwance luf. Da zarar gudu ya kai tamanin sai ya miƙe da kansa, in an rage gudu ya koma ya kwanta. Don Osvaldo yana son fiffiken nan kamar me. Ranar Lahadi, in tsofaffi masu tsofaffin motoci suka taru a dandali suna zagayawa da ƙoƙon shayin ganyen nan namu da ake kira mate, ba shi da hira sai tasa.

Ana nan sai idonsa ya fara rauni. Wata rana ya kusa kwashe wata saniya a kwana, ya faɗa cikin shingen mutane. Likita ya ce tuƙi dai ya yi, amma a hankali. Matarsa Nelida, ƙawata tun muna 'yan mata, ita ta yanke hukunci a gabana.

"Tsoho, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Bikin Griselda saura 'yan watanni. Kana so ka kai 'yarka coci a motar nan, ko ba haka ba?"

"Tun tana goye nake wannan mafarkin," in ji shi.

"To in aka ga fiffiken nan a tsaye ko sau ɗaya kafin ranar, makulli ya dawo jakata, Griselda kuma ta hau motar kawunta. Felisa tana gani ta taga."

"Haba tsohuwa! Yanzu mai burodi ce 'yar sandana?"

Na ce, "Kuma ba na karɓar na goro." Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Da farko ya yi ƙoƙari, gaskiya. Yakan wuce ta gabana a hankali, ya ɗago mini hula, fuskar nan kamar wanda aka hana nama. Daga baya abin ya ci ƙarfinsa, sai ya tafi wurin Tulio bakanike, abokinsa na ƙuruciya. Tulio ne ya ba mu labarin daga baya.

"Ka ɗan taɓa mini wayar fiffiken nan, ya daina tashi," in ji Don Osvaldo.

"Ya daina tashi? Kai da kake so duniya ta gan shi?"

"Ya tsufa, kada ya karye."

"Kai ne ka tsufa. Saurara, ba don ado kawai aka sa shi ba. In ya tashi yana danne bayan motar a ƙasa, yana kuma buɗe wa inji hanyar shan iska. Ban da wannan ma, ni da Nelida coci ɗaya muke zuwa. Nemi wani."

Bai nemi wani ba. Ya koma gida, ya rufe ƙofar gareji, ya lalubo wayar ya datse da hannunsa. Da ya fita gwaji, gudu na kai tamanin, wata 'yar jar fitila ta kama a gabansa, wani abu kuma ya hau ƙara ɗit-ɗit-ɗit. Motar tana gaya masa akwai matsala. Sai ya liƙe fitilar da baƙin salatif, abin ƙarar kuma ya cire shi ya jefa a kwalin ƙusoshi.

Wata safiya ina jera burodi sai na ji gilashin tagata yana rawa. Kafin in ɗago, jar mota ta wuce fuu, ƙura ta bi bayanta, amma fiffike yana kwance abinsa. Na ce ikon Allah! Washegari ma haka. Ban yi ƙasa a gwiwa ba, na cire gyalen aiki na nufi gidan Nelida.

"Mijinki gudu yake kamar an biyo shi."

"Fiffiken ya tashi?"

"Bai tashi ba, amma wallahi..."

"To me kike so in ce? Na tambaye shi jiya, ya dafa kan Griselda ya rantse. Felisa, ke ma fa idon nan naki ba na da ba ne."

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Tun muna 'yan makaranta muna ɗaure gashi da ƙyalle Nelida ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Na tashi ban ƙarasa shan shayina ba. Daga ranar sai ta riƙa aiko maƙwabciya sayen burodi, ni kuma ban tambayi dalili ba. Amma kek ɗin biki na ce ni zan yi, don Griselda a hannuna ta girma.

Ranar bikin ta faɗo a tsakiyar Janairu, wanda a ƙasarmu shi ne tsakiyar bazara, zafi kamar bakin tanderuna. Cocin yana can kan dutse, hanyar kuwa hawa ce mai tsawo. Don Osvaldo ya goge mota tana ƙyalli, ya ɗaura mata farin ƙyalle a hanci. Da ya fito da Griselda cikin farar riga, ya buɗe mata ƙofa, sai ga hawaye a idonsa. Ni ma da nake fushi da shi sai da na share nawa.

Kowa ya riga ya yi gaba. Ni ce ta ƙarshe cikin 'yan rakiya, ina lallaɓa motar burodi saboda kek. Su kuwa sun makara wurin ɗaukar hoto, sai ya taka totur ya wuce ni a miƙaƙƙen titi. Injin da ya sha wahala duk tsawon bazara ba iska, yau ga zafi, ga gudu, ga hawa.

Ina shan kwana ta biyu na hango hayaƙi. Jar mota tana gefen hanya, baƙin mai yana tsiyaya a ƙasa. Amarya tana tsaye ta tattare riga, uban kuma ya ɗora hannu biyu a ka.

"Baba, bari kallon motar nan, limamin coci yana jira!" in ji Griselda. Da ta gan ni sai ta fashe da dariya. "Inna Felisa, akwai wuri?"

"Akwai, 'yata, in za ki riƙe kek."

Haka amarya ta zauna a gaba da kek a cinya. Don Osvaldo da kwat ɗinsa sabuwa ya shiga baya, ya tsuguna tsakanin kwandunan burodi. A haka muka isa.

A ƙofar coci mutane suka yi ta tafi da shewa, sun ɗauka shiri ne. Nelida kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi garin fulawar da ya ɓata gwiwar wandonsa, ta dubi Tulio. Tulio ya sunkuyar da kai yana gyaran hula.

"Na datse wayar fiffiken," in ji Don Osvaldo, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni na yi, da hannuna."

Na zaci za ta yi masa tas a gaban jama'a. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da 'yata a ciki ka yi gudun," in ji ta. "Kuma saboda kai na kalli Felisa na ce mata makauniya." Ta kaɗe masa fulawar da tafin hannu, ta gyara masa kwala. "Shiga ka kai yarinya. Makullin kuma ba ni."

Ya miƙa mata. Sannan ta juyo ta kama hannuna ta matse, ba ta sake shi ba har aka gama ɗaurin aure. Ban buƙaci wani ban haƙuri da ya wuce wannan ba.

Biki ya yi kyau, an ci gasasshen nama har an bar shi, an yi rawa. Griselda har yau tana cewa ita ce amaryar da ta fi kowa ƙamshi a garin nan. Mota kuwa inji ya buga, sai da janwe ya sauko da ita. Ta daɗe a garejin Tulio ana jiran kaya daga ƙetare, kuma abin da ya fara haɗawa shi ne wayar nan.

Yanzu kowace Lahadi jar mota takan wuce ta gaban tagata. Nelida ce a sitiyari, don ita idonta garau yake. Don Osvaldo yana gefe, rungume da butar shayi. In sun hau miƙaƙƙen titi sai in ga fiffike ya miƙe tsaf, ita ta danna mini oda, shi kuma ya waiga baya yana leƙen abinsa. Ya ce mini duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa ganin tashinsa da idonsa ba sai yanzu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da yake tona maka asiri sau da yawa shi ne yake tsare ka. Don Osvaldo ya datse waya, ya liƙe fitila, ya sa matarsa ta ƙaryata ƙawarta, duk don kada a hana shi kai 'yarsa coci, kuma da hannunsa ya hana kansa. In kana da mai gaya maka gaskiya, mutum ne ko na'ura, kada ka toshe masa baki. Ka gyara halin da yake nuna maka tun lamarin bai kai ga hayaƙi ba.